Jijiyoyin Yaya Sun Ƙi Allura

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ina zaune cikin mota a bayan asibiti, ƙarƙashin bishiyar da muke tsayawa. Yaya tana ciki, na'ura na wanke mata jini, saura awa guda. Littafin nan na sa hannun masu shaguna ne idan na sauke musu lemo, amma bayansa babu rubutu. A nan zan riƙa zuba abin da ya ƙi fita ta baki.

Sakamakon gwajin ba ta ƙodata ya fito da safe. Jinina ya dace da nata, ƙodata duka biyu lafiya lau. Likitan ƙoda ya ce kamar tagwaye muke. Na ce ina, shekara goma sha huɗu ta ba ni, ita ta raine ni bayan rasuwar Inna. Yaya ta ce, "Auta ne, har gobe bai gama girma ba." Muna cikin dariya likitar tiyata ta shigo da hoton cikin Yaya, ta juyo mana da shi.

Wata farar bishiya na gani. Ta sauko daga tsakiyar ciki, ta rabu biyu, kowane reshe ya nufi ƙafa. Na ce ai wannan ƙashi ne. Ta ce a'a, ga ƙashi can gefe, wannan jijiyar jini ce, kuma jijiya mai lafiya ba ta fitowa fara haka a hoto. Ta ce a jikinta ake ɗinka sabuwar ƙoda. In ta yi tauri irin wannan babu inda allura za ta shiga, in an matsa mata sai ta tsage.

Yaya, da ta yi shekara talatin a kan keken ɗinki, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Wato yadin ne ya ƙi allura."

"Haka ne, Mama."

Sai likitar ta tambaya me take ci, me take sha. 'Yar Yaya, wadda muke kira Malama saboda koyarwa take yi a firamare, ta lissafo komai daki-daki. Ita ke dafa mata abinci, ita ke auna mata ruwa da ƙaramin kofi. Ta ce ko cokali ɗaya ba ya shiga bakin uwarta ba da saninta ba.

Ni takalmina na yi ta kallo.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An tura mu wajen wata mata mai kula da abincin marasa lafiya. Ofishinta ɗan ƙarami ne, ta jera gwangwanaye da kwalabe marasa komai a kan taga, rana tana ratsa su tana zana launuka a bango. Launukan na yi ta bi da ido, maganarta tana zuwa mini kamar daga wani ɗaki.

Sunan abin fosfaras. Ta ce yana cikin nama da madara da ƙwai da wake, kuma jiki yana bukatarsa don ƙashi. Mai ƙoda lafiya yana fitar da rarar. Wanda tasa ta tsaya, sai ya taru a jini, ya janyo sinadarin ƙashi, su haɗu su je su kwanta a bangon jijiya. Ƙashi yana laushi, jijiya tana ƙashi. Shi ke sa ƙaiƙayin da Yaya take sosawa da rula, shi ke sa idonta ja. Na'ura tana ɗiban wani, amma ba ta iya kwashe duka.

Ta ce wanda ke cikin wake jiki ba ya ɗauka duka. Wanda ya fi muni shi ne wanda ake zubawa a abincin kamfani don ya daɗe, naman leda, cukun kwali, baƙin lemo. Wannan kusan gaba ɗaya yake shiga jini. Ta rubuta baƙaƙe huɗu a takarda, ta ce duk kalmar da muka gansu a cikinta a bayan gwangwani, mu ajiye.

Ta ɗaga kwalba ɗaya daga kan tagar. "Wannan fa?"

Malama ta ce, "Shekara uku rabonta da shi."

Yaya ta ce ƙafarta na ciwo, mu tafi gida.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ta fito daga wankin jini tana tafiya a hankali, na kama ta ta hau mota. Ta zauna, ta lumshe ido, ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Haka take yi duk Litinin da Laraba da Juma'a.

Na ce, "Yaya, babu."

"Ka manta?"

"Ban manta ba."

Hannun ya daɗe a miƙe tsakaninmu. Ganye ɗaya ya faɗo kan gilashi, na ga ita ma shi take kallo. Ta ce, "Auta, kai ma?" Na tada mota.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na yi mafarki bishiyar bayan asibiti ta zama fara tun daga saiwa. Tsuntsaye suna sauka a kanta, tana ƙara kamar faranti. Yaya tana zaune a gindinta da keken ɗinki, tana ta taka shi, babu zare.

Yau ma ban faɗa ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

A ma'ajiya, ana loda mini kaya, na zaro kwalba ɗaya na juya bayanta. Rubutun ƙanana ne, sai da na fita rana. Suna nan, baƙaƙen huɗu, a layi na uku. Shekara goma sha ɗaya ina jigilarsu ban taɓa karantawa ba.

Mai shagon kwanar gada ya ce, "Direba, yau karatu kake? Ko jarrabawa za ka zauna?" Na yi masa dariyar da yake so.

Duk ramin da na faɗa a hanya, kwalabe suna kaɗawa a bayana. Da can ba na jinsu. Yanzu kamar mutane ne da yawa suke magana ƙasa-ƙasa, da na rage gudu sai su yi shiru.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ranar farko ina tunawa. Watanta biyu da fara wanki, ta fito leɓenta ya tsage, ta ce bakinta kamar ta tauna takarda. Ta ce, "Maƙogwaro ɗaya kawai, Auta, don Allah." Matar da ina yaro ta sha ba ni nata rabon ta ce ta ƙoshi. Na buɗe mata kwalbar lemo. Ta sha, ta yi gyatsa, ta yi dariya, dariyar farko tun da ciwon ya kama ta. Na ce a raina in dai wannan ne, kullum ma.

An gaya mana a lokacin an hana ta lemo. Ba zan ce ba a gaya mana ba. Na ɗauka maganar yawan ruwa ce kawai, shi ya sa nake zaɓar ƙaramar kwalba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Matata tana ninke kaya ta ce, ba ta dube ni ba, "Ƙila Allah ne ya tsare mana kai." Na ce me kika ce? Ta ce yaranmu uku, ba ta taɓa son a yanka ni ba, ta yi shiru ne don kar a ce ta shiga tsakanin 'yan uwa. Ta ce tana son Yaya, Allah ya sani, amma tun ranar da na ba da jini a gwada barcinta rabi ne.

Na fita tsakar gida na zauna kan bokiti. Na so in yi fushi da ita sosai, fushin ya ƙi tsayawa a kanta.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau ba ta miƙo hannu ba. Ta ɗora su biyun kan cinya har gida.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Malama ta kira ni ta ce in zo. Na same ta a ɗakin ɗinki, Yaya tana barci a ciki. Maɓallin rigar makaranta ne ya ɓalle mata, ta sauko da babban gwangwanin da uwarta ke tara maɓallai. Ta juye shi a kan tebur a gabana.

Ba maɓallai ba ne. Marufan kwalba ne, jajaye, sun cika tebur suna gangarawa ƙasa. Ashe duk wanda na buɗe mata a jakarta take sakawa, don kar a gani a mota. Ɗaya ya yi ta juyawa a kan siminti, na ji kamar ba zai taɓa kwanciya ba.

Ta ce, "Motar wa ke ɗaukar lemo a danginmu?"

Na ce tawa.

"Ina auna mata ruwa da kofi. Ina jiƙa nama, ina tafasawa, ina zubar da ruwan. Shekara uku ban ci abin da nake so a gabanta ba. Kana zaune likita ta tambaye ni, ka bar ni na rantse."

Na ce, "'Yata..."

"Kar ka ce mini 'yarka."

Ta ce daga Litinin ita za ta riƙa kai uwarta a tasi.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na zo ƙarƙashin bishiyar duk da haka. Na ga sun fito, na sunkuyar da kai har tasin ta wuce.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Nan dai.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida da kwata na safe

Mafarki kuma. Ina tuƙi a cikin wani dogon farin titi mai rufi, yana ta matsewa, madubin gefe yana gogar bango, farin gari yana zubo mini kan gilashi. Ban ji tsoro ba. Na san in na kai ƙarshe zan same ta tana jirana da jakarta. Na farka hannuna yana neman giyar mota.

An yi ruwa. Garin ya wanku, titi yana ɗaukar ido, na wuce shaguna biyu ban sauke musu kaya ba sai da suka kira.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An kwantar da Yaya. Yatsun ƙafarta ta dama sun yi sanyi, biyu sun canja launi. Matata ce ta gaya mini, ita ce Malama ta kira ta sanar wa.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na jira Malama ta tafi karɓo magani, na shiga. Ɗakin gado shida ne, nata na bakin taga. An rufe ƙafar da auduga, an ɗaga bargo da wani ƙarfe don kar ya taɓa ta.

Ta ce, "Ɓarawo ya zo duba ɓarauniya."

Na zauna a bakin gado. Na ce, "Yaya, ni na yi miki wannan."

"Kai a wa? Matso." Ta rage murya. Ta ce in na je gidanta in jawo aljihun keken ɗinki na ƙasa, wanda yake maƙalewa. Ƙwayoyin da aka ce ta riƙa taunawa tare da abinci, masu kama fosfaras ɗin tun a ciki su fita da shi, suna nan a ciki. Ta ce kamar alli suke, suna hana ta jin ɗanɗanon ɗan abincin da ya rage mata. Malama tana miƙa mata, ita kuma tana ɓoyewa a kunci, in ta juya baya ta tofar. Ba kullum ba, ta ce. Sannan ta ce, to, kusan kullum.

"Na gaji ne, Auta. Komai an ce kar. Na so in riƙe abu ɗaya da yake nawa."

A gadon kusa wata tsohuwa tana waƙa a hankali cikin barci.

Ban ji shigowar Malama ba. Tana tsaye bayan labule da ledar magani a hannu. Ban san tun yaushe ba. Ta ajiye ledar kan gado ta fita, Yaya tana kiranta ba ta juyo ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na tare likitar tiyata a baranda na gaya mata komai, har girman kwalbar. Ta saurara tana riƙe da kofin shayinta. Na ce ta gaya mini gaskiya, ni ne?

Ta ce shekara da shekaru na hawan jini suna ciki, ciwon ƙodar kansa yana ciki, maganin da ba a sha ba yana ciki. Akwai waɗanda ba su taɓa karya doka ba kuma jijiyarsu ta yi tauri. "Amma ba zan ce maka kwalbar ba ta ƙara ba. Ta ƙara."

Na ce in an daina zai narke?

"Wanda ya riga ya kwanta da wuya ya tashi. Abin da muke nema kar ya ƙaru."

Ban san dalili ba, amma na fi samun sauƙi da wannan amsar fiye da a ce ta lallashe ni.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yatsun sun fara ɗumi, an buɗe wata hanya a jijiyar da ɗan siririn bututu. Ɗaya dai sai an cire, ƙaramin. Yaya ta ce dama bai taɓa yi mata aikin komai ba, ko keke ba da shi take takawa ba.

Yanzu a gaban Malama take tauna ƙwayar, ta buɗe baki ta nuna mata kamar 'yar aji ɗaya. Malama ba ta dariya. Ni in na shigo sai ta tashi ta ba ni kujera ta fita.

Laraba, 2 ga sabon wata, ƙarfe tara na safe

Lambar fosfaras ta sauko. Ma'aikaciyar jinya ta nuna mini a takarda. Ƙaiƙayin ya ragu, rula tana kan durowa babu mai taɓa ta.

Na roƙi a canja mini layi a wurin aiki. Yanzu ruwan gora nake rabawa. Robobi ba sa magana a bayan mota.

Alhamis, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

An sake hoto, mai yanka-yanka siriri. Likitar ta tara mu. Farar bishiyar tana nan yadda take. Amma ta ɗora bakin biro a reshen hagu, can sama, inda farin ya katse. Wani ɗan duhu, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa biyu ba.

Ta ce ƙila nan ya karɓi allura. Ƙila kuma hoto ne ya yi mana ƙarya. Ba za ta sani ba sai ta taɓa da hannunta. Don haka Yaya za a fara buɗewa, ni ina ɗaki na kusa cikin barci. In wurin da laushi, sai a ciro tawa. In babu, a rufe ta, a tashe ni da ƙodata biyu. Ta ce ko an yi nasara sauran jijiyoyin suna nan da taurinsu, har na zuciya, kuma dokar abinci ba ta ƙare ba.

Yaya ta ce, "Gaɓa biyu? Na sha fitar da wuyan riga daga ƙyallen da bai kai haka ba."

Ta juyo gare ni ta daina wasa. "Auta, kana da yara. In ka fasa, wallahi ba zan riƙe ka ba."

Na ce ta yi shiru, ta cika surutu.

Talata, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An ba ni gado a hawa na biyu. Matata ta kawo jaka, ta jera mini komai a durowa, ta sake jerawa. Ta ce ta je ta ga Yaya, sun yi kuka tare, yanzu ta fi. Ta ce, "Ka dawo mini, ko da ɗaya ko da biyu."

Bayan ta tafi Malama ta leƙo. Ta tsaya a ƙofa tana murɗa igiyar jakarta. Ta ce ta zo ne ta gaya mini kar in ci komai daga ƙarfe goma, ko ruwa.

Na ce an gaya mini.

"Na sani. Amma kai sai an maimaita maka, Kawu."

Ta shigo ta zauna. Daga tagar muna ganin saman bishiyar bayan asibiti, koriya shar, iska tana kaɗa ta.

Alhamis, 17 ga wata, ban san ƙarfe nawa ba, da rana dai

Rubutun zai karkace, hannun da ƙarin ruwa.

Na daɗe ina iyo a wani wuri mai haske, ana kiran sunana daga sama. Da na fara jin jikina, abu ɗaya na tuna. Na tura hannu a hankali ƙarƙashin bargo, ina tsoron in ji fata lafiya lau.

Na ji bandeji. Na ji ciwo kamar an soka mini wuƙa an bar ta. Ban taɓa murna da ciwo haka ba.

Juma'a, 18 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun ce dole in taka. Na kama ƙarfen ƙarin ruwa, Malama ta riƙe mini ɗaya hannun, muka ja ƙafa har ƙarshen baranda. Yaya tana ɗakin da ba a shiga, sai ta gilashi. Ta yi ƙanƙanta a cikin gadon, igiyoyi ko ta ina, amma idonta biyu.

Ma'aikaciyar jinyar da ke ciki ta gan mu. Ta sunkuya gefen gado ta ɗago wata leda ta nuna mana, cike taf, ruwan ɗorawa. Malama ta toshe baki. Ta ce, "Kawu, shekara biyu da rabi ko ɗigo ba ta yi." Muka tsaya, manya da mu, muna kuka a kan ledar fitsari.

Na ga leɓen Yaya yana motsi. Ma'aikaciyar ta kai kunne, ta ɗago tana danne dariya, ta fito ta sauke abin rufe hancinta.

"Kai ne Auta?"

Na ce ni ne.

"Ta ce a gaya maka wannan leda ta huɗu ce tun safe. Wai ƙodarka ba ta canja hali ba, tun kana yaro take jiƙa mata shimfiɗa."

Na roƙe su kar su ba ni dariya, ɗinkin zai ɓalle. Babu wanda ya saurare ni.